Ƙwanson Da Muka Jefar A Juji

Wurin karatu: Ayyukan Manzanni 15:36-41, 2 Timoti 4:11, 1 Korintiyawa 4:1-5

Abin da muka kawo muku a wannan mako labarin gidanmu ne, kuma akwai laifinmu a cikinsa. Mun daɗe muna shawarar ko mu faɗa ko mu bari. Daga baya muka ga cewa fasto da yake kiran jama'a su furta zunubansu kowace Lahadi, bai kamata ya ɓoye nasa ba.

Duk wanda ya saba bin hanya tsakanin Gaya da Ajingi ya san tumfafiya. Tana bakin hanya, tana kan juji, tana cikin gonar da ta gaji. Ganyenta faffaɗa ne mai toka-toka, in ka karya shi farin ruwa ya fito kamar nono, 'ya'yanta kuma kamar ƙwallo cike da iska, waɗanda yara ke takawa don su ji ƙarar fashewarsu. Ko akuya sai yunwa ta kai mata karo take waiwayarta.

A ƙarshen daminar bara, cikin watan Satumba, muna dawowa daga ziyarar wata ƙaramar ikkilisiya a ƙasar Ajingi, mu da autarmu 'yar shekara 9, sai tayar babur ta yi faci. Muna jiran mai gyara, ita kuwa ta shiga leƙa ƙarƙashin ganyen tumfafiya. Can sai ta ɗaga murya: "Baba, zo ka ga tsutsa mai riga!" Da muka duba, ga tsutsotsi masu zane baƙi da fari, da ɗigon ruwan ɗorawa, kowace da siraran ƙahoni masu laushi guda 6 a bayanta. Ta ce, "Baba, wannan me take zama?" Muka ce malam-buɗe-littafi. Ta ce, "Ka taɓa gani da idonka?"

Ba mu taɓa gani ba. A makarantar tauhidi an koya mana cewa kalmar Helenanci da Manzo Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 12:2, inda yake magana a kan sākewar mai bi, ta fito sau 4 a Sabon Alkawari: a nan, da 2 Korintiyawa 3:18, da kuma Matiyu 17:2 da Markus 9:2, wurin da kamannin Yesu suka sāke a kan dutse. Daga tushen wannan kalma masana kimiyya suka samo sunan da suke kiran juyawar tsutsa zuwa malam-buɗe-littafi. Mun sha kawo misalin a kan bagade, jama'a suna cewa amin, alhali daga littafi kawai muka san shi. Tambayar yarinya ta ba mu kunya. Muka tsinko ganye, muka ɗauko tsutsa 6 a cikin leda.

Da muka iso gida uwargida ta leƙa ledar ta ce, "Baban yara, tsutsa kuma za mu fara kiwo?" Ta yarda bisa sharaɗin kada su kusanci madafi. Muka wanke tsohon bokitin fenti, muka shimfiɗa takarda a ƙasansa, muka jingina karan dawa biyu a ciki, muka rufe bakinsa da yankin tsohon gidan sauro, muka ɗaure da roba. A daren farko cinnaka suka shiga suka kashe ƙaramar cikinsu. Daga nan muka riƙa ajiye bokitin a cikin faranti mai ruwa. Saura 5.

Wannan irin malam-buɗe-littafi, masana suna kiransa Danaus chrysippus, sunan da ya samo asali daga aikin Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, a 1758. Yana da ɗan'uwa a Amurka wanda ya yi suna a duniya, don duk shekara yakan yi ƙaura ta sama da kilomita 3,000 daga Kanada da Amurka zuwa duwatsun Meziko, kuma mutanen can da yawa suna kiwonsa a gidajensu. Namu ba ya wannan doguwar tafiya, amma rayuwarsu iri ɗaya ce. Uwar takan saka ƙwai ɗai-ɗai a ƙarƙashin ganye. Bayan kwana 3 zuwa 5 tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta fara da cinye ɓawon ƙwanta, sa'an nan ta koma kan ganye. Tun tana ƙarama takan yanka ɗan da'ira a jikin ganyen don farin ruwan ya tsiyaye kafin ta ci, in ba haka ba zai liƙe mata baki. Ɗacin dafin da ke cikin tumfafiya kuwa yana taruwa a jikinta, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ta ba ya marmarin sākewa.

Aikinmu kullum shi ne sabon ganye da safe, da zubar da kashinsu, da wanke hannu da sabulu, don ruwan tumfafiya in ya shiga ido yana iya yi masa mummunan lahani. Ci suke yi ba dare ba rana. In fata ta yi wa tsutsa kaɗan sai ta tsaya cik, ta tuɓe ta, ta ci gaba da ci. Da yake ba girmansu ɗaya ba, ba rana ɗaya suka gama ba. Wadda ta ƙoshi sai ta daina ci, ta hau can sama, ta manna ɗan zare a jikin gidan sauron, ta rataye kanta a ƙasa, ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Ba ta saƙa gida kamar tsutsar da ake samun zaren tsamiya daga gare ta. Fatarta ce take tsagewa daga wajen kai, ta murɗa ta yar, sai ga ƙwanso kore shar, da ɗige-ɗige kamar zinariya. Daga nan sai shiru. Ba ci, ba motsi.

Ƙwanso na farko bai kai ba. A kwana na 4 ya fara yin baƙi-baƙi, ya yi laushi, washegari wata farar tsutsa ta huda shi ta sauko ƙasan bokiti. Da muka bincika muka gane cewa akwai wani irin ƙuda da ke saka ƙwansa tun tsutsar tana kan ganye a daji, ɗansa ya shiga jikinta yana cin ta daga ciki. Wato tun ranar da muka ɗauko ta da mutuwarta a cikinta. Yara suka yi baƙin ciki, mu kuma muka ce a ranmu, to, yanzu mun san alama: in ƙwanso ya yi baƙi, ya mutu.

Bayan 'yan kwanaki, ran Asabar da dare, muna shirin wa'azin gobe, babu wuta, sai babban ɗanmu ya zo ya ce, "Baba, na biyun ma ya yi baƙi." Muka tashi muka haska da fitilar waya daga bakin bokiti. Lalle ya yi duhu. Ba mu sunkuya ba, ba mu ƙirga kwanakinsa ba, hankalinmu yana kan wa'azi. Muka ce kada ya ɓata sauran, muka tsinke shi, muka wurga shi kan juji bayan danga, muka koma kan takardunmu.

Da asuba, kafin a buɗe akurkin kaji, auta ta zagaya bayan danga don ta binne shi. Sai ga ta ta shigo da tafin hannunta a buɗe, tana hawaye. Ta ce, "Baba, ai da ransa." Ya fito daga ƙwanson a kan toka. Duhun da muka gani launin fukafukansa ne yake bayyana ta cikin ƙwanso, don kwana ɗaya kafin fitowa ƙwanson yakan zama garau kamar leda. Kwanansa 8 ke nan a rataye, lokacinsa ne ya yi.

Malam-buɗe-littafi yana fitowa ne da fukafukai a jiƙe, a cukurkuɗe, da ciki a kumbure. Dole ya sami abin da zai rataya a jiki, kansa a sama fukafukai a ƙasa, ya tura ruwan cikinsa zuwa jijiyoyinsu har su miƙe, sa'an nan ya jira awa ɗaya ko biyu su bushe. In bai sami wurin rataya a wannan ɗan lokaci ba, yadda suka bushe haka za su zauna. Namu bai sami komai a kan toka ba. Auta ta riƙa jiƙa auduga da ruwan sukari tana ba shi. Ya yi kwana 5 yana yawo a kan tabarma, bai taɓa tashi ba.

A ranar Lahadin mun hau bagade da nauyin zuciya, kuma ba ƙwaron kaɗai ne dalili ba. Wani saurayi ne ya faɗo mana a rai. Ba za mu faɗi sunansa ko ƙauyensu ba, amma mun nemi izininsa kafin mu rubuta wannan.

Shekara 3 da suka wuce yana cikin waɗanda muke taƙama da su. Shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, shi ke kan gaba a haddar ayoyi. Ya gama sakandare, ya rubuta jarrabawar JAMB sau 2, bai sami gurbi ba. Sa'an nan ya fara kawo tambayoyi masu nauyi a nazarin Littafi Mai Tsarki. In Allah yana jin addu'a, me ya sa iyayenmu suka tsufa cikin bauta masa amma ba su iya biyan kuɗin makaranta? Ta yaya zan san bangaskiyar nan tawa ce, ba gado kawai na ci ba? Muka ba shi amsoshin da muka haddace. Bai yi gardama ba. Ya ajiye ganga, ya koma kujerar baya, ya yi shiru.

Kafin shi, an yi wani yaro da ya bi irin wannan hanya: ya koma baya, ya yi shiru, daga baya aka gane ya faɗa cikin shaye-shaye. Saboda haka da muka ga na biyu ya yi shiru, muka ce mun san alama. Gidansu bai kai tafiyar minti 20 a babur ba, amma ba mu je ba. Muka cire sunansa daga cikin waɗanda za su wakilci zumunta a taron matasa. Wata Lahadi kuma muka yi wa'azi a kan masu ja da baya, da irin kalmomin da suka sa rabin majami'a suka waiga kujerar baya. Bai sāke zuwa ba. Bayan girbi ya tafi Kano, ya kama tuƙin adaidaita sahu.

Bayan abin da ya faru da ƙwanson nan ne muka je wurin mahaifiyarsa. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Baba Fasto, na daɗe ina jiran zuwanka." Ta gaya mana cewa a watannin da muke ɗaukarsa ya ja da baya, kullum da dare yana karanta Littafi Mai Tsarki da fitila, ya fara daga Farawa yana bi a jere, tana jin muryarsa yana addu'a, wani lokaci da kuka. Bangaskiyar aro ce take narkewa a cikinsa, tasa ta kansa tana neman tsayuwa. A daidai lokacin da yake bukatar abin da zai riƙe, mu muka tsinke shi.

Muka karɓi lambarsa, muka hau mota zuwa Kano, muka same shi a tasha, muka roƙi gafararsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba komai, ya wuce." Muka tambaye shi inda yake sujada. Ya ce bai shiga wata majami'a ba tun da ya zo, amma bai daina addu'a ba. Yanzu mukan yi waya duk wata. Har yau bai dawo ba, kuma ba za mu ƙaga muku ƙarshen da Allah bai riga ya nuna mana ba.

Nassin da muka karanta ya nuna cewa ko manzo yana iya faɗawa cikin irin wannan. Yahaya Markus ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta farko, amma da suka kai Bamfiliya ya rabu da su ya koma Urushalima. Da za a sāke fita, Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi. Gardamar ta yi zafi har abokan aiki biyu suka rabu: Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus. Bulus yana da hujja, don yaron ya taɓa barin aiki a tsakiya. Amma bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, don ya ga amfaninsa a cikin hidima. Tsakanin ƙi na farko da kira na ƙarshe akwai Barnaba, mutumin da ya yarda ya zauna kusa da saurayin da aka yanke wa hukunci. Bulus ɗin nan ne kuma ya gargaɗi Korintiyawa su bar gaggawar yanke wa juna hukunci, tun da Ubangiji ne zai tone abin da ke ɓoye a lokacinsa.

Kada ku ji mu da kuskure. Ba kowane shiru ne alheri ba. Ƙwanso na farko da gaske ya mutu, yaron farko da gaske ya shiga hatsari. Akwai duhun da ƙwaya ce a bayansa, ko mugun aboki, ko baƙin cikin da ke kai mutum ga tunanin kashe kansa. Kuskurenmu shi ne mun tsaya daga nesa mun ce mun gane wanne ne wanne. Akwai bambanci tsakanin ƙwanson da ya mutu da wanda ya kusa buɗewa. Mataccen yana da launin ruɓa, yana da laushi, wani lokaci har da wari. Mai ran kuwa in ka kawo haske kusa za ka ga ruwan goro da fararen ɗigo na fukafukai. Sai dai ba a ganin wannan daga bakin bokiti, sai an sunkuya. Da mun je gidan yaron farko da wuri, wataƙila da an taimake shi. Da mun je gidan na biyu, da ba mu kore shi ba. Su biyun abu ɗaya suke bukata daga gare mu, wato mu zo mu zauna mu saurara.

Ku da kuke cikin irin wannan lokaci, muna da magana da ku. Wataƙila kun gama makaranta kuna zaune a gida, sa'o'inku sun tafi jami'a a Wudil ko Kano, ku kuwa kullum gona da kasuwa. Wataƙila waƙoƙin da kuke so dā yanzu ba sa taɓa ku, addu'a ta yi nauyi, tambayoyi sun yi yawa. Masana sun ce a cikin ƙwanso yawancin jikin tsutsa narkewa yake yi, wasu 'yan ƙwayoyin halitta da suke ɓoye a jikinta tun tana rarrafe su ne suke girma su zama fukafukai da ƙafafu. Daga waje ba a ganin komai, amma a lokacin ne aiki ya fi yawa. Tambaya ba zunubi ba ce. Toma ya yi, Yahaya Mai Baftisma ya aiko da tasa daga kurkuku, Yesu bai kori ko ɗayansu ba. Abin da muke roƙonku shi ne kada ku ɗauki nauyin ku kaɗai. Ku nemi dattijo ko dattijuwa da kuka amince da su, ko shugaban zumunta, ku faɗi abin da ke ranku. In wani babba ya yi muku abin da muka yi wa saurayin nan, ku sani hukuncinsa ba shi ne na Allah ba.

A nan ma misalin ya tsaya. Fiffiken ƙwaro in ya bushe a karkace ya bushe ke nan, amma mutum ba haka yake a hannun Almasihu ba. A Luka 13 ya miƙar da matar da ta yi shekara 18 a tanƙware. Da wannan muke riƙe a kan saurayinmu, da kuma kanmu.

Sauran ƙwanso 3 duk sun buɗe lafiya. Na ƙarshen muna zaune gaba ɗaya muka ga fitowarsa, har da uwargida, wadda ta bar tukunya a kan wuta. Fukafukan gaba ruwan goro ne, da baƙin baki mai fararen ɗigo, na baya kuwa farare, yadda irin na Afirka ta Yamma yake. Da rana ta ɗaga muka kai bokitin bayan majami'a inda tumfafiya take, muka kwance robar. Ya hau yatsan auta, ya buɗe, ya rufe, ya sāke buɗewa, kamar yadda sunansa ya faɗa, sa'an nan ya tashi ya haye danga.

Wanda yake so ya gwada, abin ba ya cin ko kwabo. Kada ku ɗauki fiye da 3 ko 4. Kada ku tsinko ganye a gefen gonar wake da aka yi wa feshi, kada kuma ku kunna maganin sauro kusa da su. Ku ajiye bokitin a inuwar rumfa inda iska da hasken rana ke ratsawa, don wani bincike da aka yi a Jami'ar Chicago a 2019 ya nuna cewa 'yan'uwansu na Amurka da aka rena a cikin ɗaki sun kasa gane kudu, inda ya kamata su nufa. Ku rubuta ranar da kowace tsutsa ta zama ƙwanso. A zafin ƙasarmu, in ya kai mako ɗaya, ku fara sa ido. Sauri kan haifi nawa.

Aikin wannan mako: kowa ya tuna da mutum ɗaya wanda dā yana cikinmu, yanzu kujerarsa babu kowa, ko ya koma baya ya yi shiru. Kada a aika masa saƙon waya kawai. A je gidansu, a gaisa, a zauna. Ba sai an tafi da wa'azi ba.

Addu'a: Ya Uba, kai ne mai ganin abin da ke cikin ƙwanso. Ka gafarta mana gaggawarmu, da hukuncin da muka yanke daga nesa. Ka ba mu zuciya irin ta Barnaba. Ka riƙe 'ya'yanka da suke cikin duhu a Gaya, da Ajingi, da Kano, da duk inda neman abinci ya kai su, ka kammala aikin da ka fara a cikinsu. Wanda muka ture kuma, ka miƙar da shi da hannunka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.